Ɗurin Baba

Sau uku na ja kunama a bakin tafkin Gidimuni,
sau uku ta ce ƙyas, ta yi shiru.
Zabin daji bakwai suka dube ni,
suka ƙarasa kiwonsu, suka tafi a ƙafa.
Ko tashi ba su yi ba, don raini.

Na naɗo ta cikin buhun gero, bisa kabu-kabu,
har rumfar Ma'azu Kalla, bayan kasuwar Dole,
inda zugazugi ke nishi kamar tsohuwar saniya.

Bai karɓa ba tukuna. Ya ce:
Da ta ƙi tashi, me ka yi?
Na ce: Na juyo ta in leƙa.
Ya ajiye masaba, ya ɗaga hannunsa na hagu,
yatsa uku da guntu.
Sauran suna Mirya, in ji shi, tun shekarar fara.
Wuta kan yi gyangyaɗi cikin albarushi,
sai ka fid da rai ta farka.
In ta yi shiru, bar ta a kafaɗa,
bakinta yana kallon daji,
ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai,
kada ka yi saurin ƴan makara.

Ya ɓare hular da na ɗora mata,
kan ashana ne na kankare da asuba,
raɓa ta mai da shi kunu.
Ya zazzaga ƙahona a tafin hannu,
albarushin ya dunƙule kamar dawo.
Ina yake kwana? Gindin randa.
Bai ce komai ba. Yaron zugazugi ne ya yi dariya.

Ya tsiyaya mata ruwa ta baki,
ya soka ƙayar aduwa a kafar wuta,
ta fito da baƙin maiƙo.
Man gyaɗa ne, ni na shafa, kowace Juma'a.
Ya ce: So ma, in ya yi yawa, toshe hanya yake.

Sannan ya zura sandar ɗuri.
Ta tsaya.
Ya zaro ta, ya gwada ta waje,
ya sāke zurawa, ya sāke gwadawa.
Faɗin yatsa huɗu ya ƙi shiga lissafi.

Ɗuri nawa ka yi?
Ɗaya.
To, akwai wani a ƙarƙashin naka.

Da ƙugiya mai murɗi ya shiga haƙo:
takardar siminti, tawa ce.
Dalma, tawa.
Baƙin kunu, nawa.
Sai ga wani ƙyalle shuɗi, da farin zare a gefe,
ɗinkin hannu, tazararsa ba daidai ba.
Na san ɗinkin. Inna Gaptiya ba ta taɓa iya miƙe layi ba.
Bakin aljihun rigar Baba ne.

A bayansa guntayen ƙusa, ƙwallayen keke biyar,
da albarushi ya daskare kamar kanwa.
Mugun dawan da ke ɓarnar gona ya ɗura wa,
daren da zazzaɓin ya fara.
Shekara tara tana rataye bisa ƙofa
da maganarsa a bakinta,
muna shiga muna fita ta ƙarƙashi.

Ma'azu ya ce: Da ta amsa maka,
da ta tsage kamar kara, da kai da ita.
Tsohon ne ya tsaya a ƙofa.

Ya farfasa tsohon ɗurin bisa uwar maƙera,
ya miƙa masa garwashi da awartaki.
Shiru.
Yaron ya yunƙuro zai duba, ya riƙe masa wuyan riga.
Na fara karatu a zuci.
Ina cikin ta huɗu
ya ce fuu,
fari fat, har rufin rumfa,
warin ya bi mu har bakin hanya.

Na biya jaka ɗaya da rabi.
Ƙyallen na sa a aljihu.
Zabin Gidimuni su ƙara kwana.